Tushiyar da Na Ƙona a Bungudu

Na je Bungudu duba wata gona, na ƙone tushiyarta, aka ce na karɓe ta. Ban je da niyyar karɓa ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne a bayan Tsafe. Da noma na tashi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. A gona 'yan bindiga suka ɗauke ni, ina tsakiyar noman maimai. Na daɗe a hannunsu. Abin da na gani can ba na faɗinsa. Da na fito na tarar ƙauyen ya watse, sai na kwashi matata da 'ya'yanmu mata uku muka sauka Gusau.

A Gusau na koyi ɗinkin buhu a kasuwar hatsi. Masu awo su cika, ni in kama baki in ɗinke da basilla. Daga safe har la'asar hatsin mutane nake rufewa. In na sa hannu a gero nakan gane irin ƙasar da ta ba da shi. Ɗaki ɗaya muka kama a gidan haya, mu biyar. Shekara huɗu ba wanda ya taɓa ni, kuma ba mu kwana da yunwa ba. Amma na kasa zama wuri ɗaya. In an tashi kasuwa sai in kama tafiya, in bi titi har inda gidaje suka ƙare, in tsaya in kalli gonakin mutane, in juyo.

Matata 'yar Bungudu ce. Tana da ƙane ɗan acaɓa, bakinsa ba ya hutawa. Wata Juma'a cikin bazara ya zo mana, ya zauna a bakin ƙofa yana cin awarar da take soyawa ta sayarwa.

"Ɗan birni," ya ce da ni, "an ce yanzu tela kake. Ko za ka ɗinka min wando?"

"In kai buhu ne, kawo bakin in ɗinke," na ce.

Ya yi dariya har ya ƙware. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Kawunsu ya tsufa, 'ya'yansa maza duk sun tafi neman abinci, gonarsa guda ba mai noma ta bana. Aro zai bayar. Wani maƙwabci ya riga ya nema, amma tsohon ya ce a fara tambayar na gida.

Matata ta ajiye mataci. "Kai dai ba ka zuwa da alheri. Kar ka sa mashi maganar nan a kai."

"Yaya, Bungudu fa gari ne, ba ƙauye ba."

"Gari ne. Gonar a cikin gari take?"

Ya ɗauki wata awarar. Amma maganar ta riga ta shige ni.

Na yi kwanaki ina jujjuya ta. Da safe in ce zan tafi, kafin azahar in ce hauka ne. A Gusau yara na zuwa makaranta, babbar har tana karanta min saƙon waya. Asibiti kusa. Matata na da masu sayen awararta. A Bungudu kuwa akwai ƙasa, akwai rumbun da zan buɗe in ce nawa ne. Sai in tuna har yanzu in babura uku suka taho a jere, basilla tana tsayawa a hannuna sai sun wuce. A tsakiyar kasuwa ke nan. To ina ga daji?

Na riƙa bi ta tasha ina tambayar direbobi labarin hanya. Wannan ya ce lafiya lau, wancan ya ce shekaranjiya an taɓa wani ƙauye can ciki. Kowa da nasa. Na soke yatsana da basilla sau biyu a rana ɗaya, abin da ban yi ba tun ina koyo.

A ƙarshe na ce wa matata zan je in duba.

"Dubawa kawai, Malam?"

"Kawai."

Ƙaninta ya ɗauke ni daga bakin titi ya kai ni gonar, ya ce zai kai wata mata kasuwa ya dawo. Ya bar ni ni kaɗai.

Na fara da abin da ya dame ni. Na tsaya na saurara. Ana jin ƙarar manyan motoci daga titi, wannan ya yi. Gabas da kudu gonaki ne a buɗe, da mutane jefi-jefi. Arewa kuwa akwai rafi da itatuwa masu duhu. Mutum goma za su tsaya ciki ba ka gan su ba. Na daɗe ina kallon wurin. Na ce a raina, ba zan iya ba.

Na juya zan tafi sai na lura da tushiya. Tushiyar dawar bara tana nan tsaye a kan kunya, ba wanda ya taɓa ta. Maƙwabta duk sun share nasu, ruwa ya kusa. Gona mai kyau, jigawa mai ɗan laka, an bar ta kamar kan da ba a aske ba. Na sa ƙafa na ture guda, ta fita. Na ture ta biyu. Na sunkuya na sa hannu.

Ban san lokacin da na cire riga ba. Na bi kunya-kunya ina tumɓukewa, ina kaɗe ƙasar, ina tarawa. Wani mutum yana ƙona tasa sharar a gonar kudu, na je na yi masa sallama na ɗebo wuta a kara. Bai tambaye ni komai ba, ya dai dube ni da kyau. Na bi tarin ɗaya bayan ɗaya na kunna.

Sai da hayaƙi ya tashi na miƙe, na ga ina tsaye a bakin rafin nan, na ba itatuwan baya. Ban san tun yaushe ba. Na ɗauki rigata na fita titi da ƙafa. A can ƙanin matata ya same ni.

Da muka shiga gaida tsohon, yana zaune a zaure a kan buzu. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Allah shi yi maka albarka. An zo an gaya min ka share ta tas. Na aika wa maƙwabcin nan ya nemi wata."

"Baba, dubawa na zo yi."

"Dubawa?" Ya juya hannuna ya ga baƙin toka. "Kai da aka haifa cikin noma, wa ka taɓa gani ya share gonar da ba shi zai noma ba?"

Ban taɓa gani ba. A garinmu ma haka ne. Wanda ya sa wa gona wuta a bazara, kowa ya san tasa ce a shekarar. Na san wannan tun ina yaro. Hannuna ne ya riga ni.

Ƙanin matata yana gefe yana danne dariya. "Baba, tela ne. In ya ga abu a buɗe sai ya rufe."

A hanya na yi ta tunanin in koma in ce na fasa. Amma an riga an sallami mai nema. In na janye, gonar za ta kwana bana ba shuka, a ce mijin 'yarsu ya yi wa tsoho wasa. Ba zan iya haɗa ido da su ba kuma.

Ina shiga ɗaki matata ta ji ƙaurin hayaƙi a rigata. Ta dubi hannuna.

"Dubawar ke nan?"

Na gaya mata yadda aka yi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na jira ka sau ɗaya ban san ko kana da rai ba. Ba zan kai yaran nan inda za su koyi irin wannan jira ba. Ka je ka yi nomanka. Mu muna nan. In ka kai amfanin gida lafiya, sai mu yi magana."

Ta ce kuma kar azahar ta same ni a gona, in kira ta da zarar na shigo gari. Na yarda.

A kasuwa babbanmu na masu ɗinkin buhu ya ce ba a ajiye wa mutum wuri har kaka. Ya ba wani wurina.

Yanzu ina Bungudu, ina kwana a zauren tsohon. Gero ya kai gwiwa. Kunya biyar na gefen rafi ban shuka su ba, kuma ba wanda ya tambaye ni dalili. Ranar Juma'a nake zuwa Gusau in ga yara, in dawo Asabar da safe. In ina can hankalina yana gona, in ina gona kunnena yana daji. Iyalina suna birni, ni ina nan, ban san inda za mu zauna baɗi ba.