Birkin Motar Malam Andarawus

Duk wanda ya san Madawa ya san bashen Malam Andarawus, farar motar nan mai buɗaɗɗen baya wadda ta girmi yawancin masu yi mata dariya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar marasa lafiya a asibitin mishan. Da ya aje aiki bai sayi gona ba, bai sayi shanu ba, wannan tsohuwar ya jawo gida. 'Yan'uwa a majami'a suka ce ya sayo wa kansa ciwon kai. Shi kuwa ba mai yawan magana da mutane ba ne. Da mota dai yana hira.

Bai taɓa yarda bakanike ya sa mata hannu ba. Kowace safiya zai buɗe gabanta, ya zaro sandar mai ya duba, ya leƙa ruwa, ya tayar da ita, ya karkata kai yana saurare kamar likita. In ta yi tari ya san buji ne, wato filogi, sai ya kwance su ya goge. In ta yi kasala a hawa ya san ƙura ce ta toshe mata numfashi. Shi ya ƙara mata fanka ta biyu saboda tuddan Buza, shi ya ɗaura mata ɗan makunnin da ke yanke batir in ta kwana. Taurin kai kam akwai shi, amma ba a taɓa ganin motarsa ɗaure da igiya ana ja ba.

Aiki ɗaya ne yake neman mutum biyu, wato cire iska daga birki. In iska ta shiga bututun man birki, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa, mota kuwa tana tafiyarta. Dole wani ya zauna a kujera yana takawa, wani ya kwanta a ƙarƙashi yana sassauta ɗan sukurun da ke bayan kowace ƙafar mota har kumfa ta fice. Wannan aikin na matarsa ne, Jemima. Ba ta iya tuƙi ba, ba ta ma so ta iya ba, amma takan bar tukunya a wuta, ta goge hannu da zane, ta hau. Shi yana ƙasa yana cewa ta taka, ta riƙe, ta saki. Ita tana sama tana ba shi labarin wadda ta haihu da wadda ta yi faɗa da mijinta. Rabin abin da ya sani game da unguwarsu daga ƙarƙashin mota ya ji shi.

Jemima ta rasu a daminar bara. Mako uku bayan an binne ta bututun birki ya fashe, tsatsa ta cinye shi. Ranar ya sayo sabo ya ɗaura, ya cika mai, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi da kilensa na kwance sukuru a hannu. Sai da ya kama sukurun ya buɗe baki zai yi kira, sannan ya tuna. Ya daɗe kwance a wurin yana kallon ƙarfe. Daga baya ya fito, ya kakkaɓe rigarsa, ya naɗe buhun.

Tun daga nan bashe ba ta fita ƙofar gida ba. Kullum yana tayar da ita, yana wanke ta, har juyen baƙin mai ya yi mata sau biyu, motar da ba ta zuwa ko'ina.

To, a danginsu Jemima, in mace ta rasu ba ta bar ɗiya mace ba, kayan ɗakinta 'yan'uwanta mata ake kai wa, babbarsu ta raba. Su kuwa ɗa ɗaya Allah ya ba su, Titus, yana can Yamai yana aiki. Babbar yayarta, Esther, tana zaune a Allakaye, bayan Buza, inda hanya ke hawa dutse ta gangaro. Duk wata sai ta kira shi a waya.

"Baban Titus, yaushe za ka zaka da kayan ƙanwata?"

"Yaya, birki na. Wa ka gangara dutsin Buza babu birki?"

Gaskiya ne, babu mai gangarawa. Amma Andarawus ya san yadda ake cire iska mutum ɗaya, da kwalba da ɗan tiyo, ya sha yi a daji lokacin da yake aiki. Ya kuma san samari nawa ne a majami'a za su zo da gudu in ya ɗaga yatsa. Abin da ba ya so ya gani shi ne ɗakin nan babu jeren kwanoninta, babu akwatin zannuwanta, babu keken ɗinkinta a gindin taga. Muddin birki bai gyaru ba, kayan suna nan. Da yamma yakan zauna a bakin ƙofar ɗakin ya ci tuwon da ya sayo, shi kaɗai, kewa tana cinsa.

Ranar wata kasuwar Madawa, bayan an gama girbi, Yero ya yi sallama. Makiyayi ne daga wajen Sabon Gida, sa'an Andarawus, tsohon saninsa tun wata shekara da ya ɗauko matar Yero daga ruga tana naƙuda. In ya zo kasuwa a nan yake ɗaure jakinsa ya sha ruwa. A bana ya bi da shanunsa ta Allakaye.

"Malam, na ga Esther," in ji Yero. "Tac ce in hwaɗa maka kar ka wahal da kanka. Sati mai zuwa ita za ta hawo motar kasuwa ta kwashi kayan."

"Motar kasuwa? Da wagga gwiwa tata?"

"Haka tac ce. Da sanda ma taka tahiya yanzu."

Andarawus ya san motocin nan, ana ɗora mutane ne a kan buhunan albasa. Ya hango tsohuwa mai shekara saba'in ana tura ta sama saboda ƙaryarsa. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa ido.

"Yero, zo ka taka mini wani abu."

"Ni? Ni da ko keke ban iya ba?"

"Ba tuƙi na ba. Ƙahwa ɗai nika so."

Yero ya tuɓe takalmansa a bakin mota kamar zai shiga ɗakin surukai, ya jingine sandarsa, ya hau yana bismillah. Da farko ya taka birki da totur gaba ɗaya. Da aka nuna masa, sai ya danne da ƙarfin da zai kayar da bijimi. Andarawus yana ƙasa yana cewa taka, riƙe, saki, kumfa tana fita tana tsartuwa. Daga sama babu labarin kowa, sai nishin Yero. Ƙafa huɗu suka bi, ko rabin awa ba su yi ba.

"Malam, abin ya yi tauri, ya ƙi tahiya ƙasa. Na ɓata shi?"

"A'a," in ji Andarawus. "Ka gyara shi."

Bai ce masa na gode ba sai da ya kwance jakinsa zai tafi.

Washegari da hantsi ya loda kayan shi kaɗai. Kwanoni ya jera su cikin buhu da tsumma a tsakani don kada su ƙwanƙwashe. Akwati, tukwane, turmi, gado, keken ɗinki ya naɗe shi da bargo ya ɗaure a tsakiya. Bashe ta zauna daram a kan ƙafafunta na baya, ta bi jar hanyar Buza a natse, ta hau dutse ba ta yi zafi ba. Yana tafe a hankali, ya fi kowane jaki ladabi, yana leƙa madubi yana ganin bargon.

A Allakaye mata suka fito suka sauke kayan cikin ɗan lokaci. Esther ta buɗe akwatin, ta ɗauko zanen Jemima na zumuntar matan majami'a, ta kifa fuskarta a ciki ta yi kuka. Ta ce ya kwana. Ya ce a'a, gida ba kowa. Ta dube shi, ta sa aka dama masa fura.

Da la'asar ya juyo. A gangaren dutse ya taka birki, ya kama cak, babu abin da zai ce da shi. Amma da ya sauka kan gargada sai bayan motar ya fara tsalle yana watsal-watsal, ƙofar baya tana kaɗawa, ƙara ta cika masa kunne. Bashe haka take in babu kaya, kowane direba ya sani. Ya leƙa madubi, babu komai sai hanya.

Ya tsaya a gefen wani kwari inda babu gida, babu mutum. Ya fito ya fara ɗibar duwatsu, manya, waɗanda sai ya rungume su a ƙirji, yana ɗorawa a baya. Huɗu sun isa su zaunar da mota, shi ma ya sani. Ya ɗora na huɗu, ya koma ya ɗauko na biyar, ya koma kuma. Rana tana sauka, hawaye yana zubo masa a kan dutsen da yake ɗauke da shi, shi kuwa bai daina lodi ba.