Salkunan Da Suka Bi Mai Su

Jama'a, abin da zan ba ku ɗin nan ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi da zan iya mayar da shi tatsuniya da tuni na yi na huta. Zamanin mulkin soja ne, cikin shekarun farin nan da aka ci anza, 'ya'yan itacen dajin nan, har baki ya daina jin ɗacinta. Ina saurayi a lokacin, muna zaune a wani ƙauye kusa da garin Sarkin Hausa, a ƙasar Mayahi. Wana, Yaya Lawali, tun yana ƙarami ya bi ayarin Buzaye masu ɗauko gishiri, don haka ya san hanyar arewa kamar yadda na san hanyar gonarmu. Da gona ta ƙi, sai ya koma yi wa Anasara masu yawon buɗe ido jagora, mutanen da za su baro ƙasarsu mai ruwa da ciyawa su zo a ɗora su kan raƙumi a kai su inda mu muke gudu. Ni har yau ban gane irin wannan hutu nasu ba, amma shi yake ciyar da gidanmu, ni kuma nake bin su ina dafa musu abinci.

Wata shekara wasu suka zo, shugabarsu wata doguwar mace da muke ce wa Madam, ta ɗan iya Hausa. Aka sauke su a Mayahi aka shiga shiri. Yaya ya sa su yawo cikin sababbin takalmansu safe da yamma don su yi laushi kafin hanya, ya koya musu naɗin rawani, ya sa su hawa da sauka a kan raƙuman wani Buzu abokinsa mai suna Agali, suna faɗowa yaran gari suna ta dariya. Su kuma da ƙwayoyinsu, ta zazzaɓi daban, ta jefawa a ruwa daban. Muka tanadi dabino da shayi da sukari da dakakken gero da igiyoyi. Jandarmu, wato 'yan sandan soja, suka buga musu hatimi a takardu, suka ja wa Yaya kunne cewa in aka ɗauki hoton mai yunwa ko guda, shi za a kama. Ku da ba ku ga wancan zamani ba, ku sani in baƙuwar fuska ta zauna kusa da kai tana yawan tambaya, bakinka kake kamawa, domin ba ka san inda maganarka za ta kwana ba.

Aikin ruwa ni aka ba. Anasaran sun zo da bido, wato jarkoki na ƙarfe, amma Yaya ba ya son su, ya ce suna ƙuje wa raƙumi haƙarƙari, kuma ruwan ciki kafin azahar ya zama na wanka. Salka yake so, ta fatar akuya, wadda take tsattsafo a hankali ruwa ya yi sanyi. To ita salka ba da kowace fata ake yin ta ba, sai ta akuyar da aka yanka tana da ƙiba, domin fatar ramammiya ko ta mushe ba ta riƙe ruwa. A shekarar kuwa ina za ka ga akuya mai ƙiba? Namu ma sai an ɗaga su suke tsayawa. Sai ga Yaya ya dawo daga kasuwa da salkuna lafiyayyu, masu kauri, an jeme su da kyau, gashinsu har sheƙi yake, wai kuma da araha.

Na ce, "Yaya, wa ya saida maka wa'anga?"

Ya ce, "Wani ne. Kai dai tahi ka jiƙa su."

Tun daga nan zuciyata ba ta kwanta ba, sata na fara zargi. Amma na kwashe su na kai rijiyar da ke cikin busasshen gulbi, na shafe su da man shanu, na cika su, na rataye a jere a rassan wani gawo. Sabuwar salka ruwanta ja ne, ga ɗacin bagaruwa, sai an yi ta zubarwa ana sake cikawa kafin ya shawu, kuma kana lura da wadda take ɗiga fiye da ƙima. Ruwan rijiyar ya yi nisa ƙwarai, kafin guga ya fito hannuna ya yi kanta, ruwan da na sauya kuwa mata ke tarewa su kai wa dabbobi.

Ran nan da rana tsaka, mata duk sun watse, ina zaune a gindin gawon, sai na ɗaga kai na ga tsoho tsaye a gaban salkunan. Ban ji zuwansa ba, kuma wurin fili ne fetal, da na hango shi tun daga nesa. Buzu ne, rawaninsa ya koɗe, ba takalmi a ƙafarsa, alhali rairayin nan ko jaki ba ya son taka shi a wannan lokaci. Na yi masa sallama, ya amsa can ƙasa-ƙasa bai dube ni ba. Sai ya shiga bin salkunan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa su a gadon baya, yana faɗin wata kalma a kan kowace. A raina na ce shi ke nan, ɗan rahoto ne aka turo ya ga abin da muke shiryawa da Anasara. Can kuma na ce ko mai kayan ne ya biyo sawun ɓarawo.

Na ce, "Baba, lahiya? Ko ruwa kake so in jawo maka na rijiya? Wanga bai shawu ba tukuna."

Ya ce, da irin Hausarsu, "Sun sha?"

Na ce, "Su wa, Baba?"

Ya ce, "Tun daga arewa ba su sha ba. Kai ka ba su. Allah shi yi maka albarka."

Sannan ya ɗan ja baya, ya sa harshe ya yi irin kiran nan da makiyayi yake wa awaki in zai kora su gida. Jama'a, na rantse da Wanda raina yake hannunsa, babu iska ko ta kaɗa ganye, amma salkunan nan duk suka juyo suka fuskance shi, ƙafafunsu da aka ɗaure suna motsi, ruwa yana ƙugi a cikinsu. Innalillahi! Ya dube ni, sai a lokacin na ga idonsa, busasshe ne ƙayau, ko ƙyalli babu.

Ya ce, "Nan su zauna. In an kai su arewa, gida za su."

Ya juya ya nufi wajen wasu goruba da ke can nesa. Ban iya ce muku ga inda ya ɓace ba, ni dai na san na daina ganinsa tun bai yi nisan da ido zai kasa ba.

Da gudu na je na sami Yaya yana gyaran sirdi, na kwashe duka na faɗa masa, na roƙe shi ya bar salkunan nan ko ya ɗaga tafiyar. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi mini wani kallo da bai taɓa yi mini ba.

Ya ce, "Wa ya aiko ka? Akwai masu son aikin nan a Tasawa, na sani. Mi suka ce za su ba ka?"

Maganar ta yi mini ciwo har na ji hawaye. Na je wurin Agali, na maimaita masa kalmomin da na iya riƙewa cikin waɗanda tsohon ya faɗa. Yana juya shayi ya ce sunayen awaki ne, irin wanda mutanensu ke sa wa dabbar da suke ƙauna. Na ce to wane ne tsohon? Ya ce bai san shi ba, amma bai yarda mun haɗa ido ba, har na fara tunanin ko shi ne ya haɗa Yaya da mai sayarwar. A kwanakin nan babu wanda ban zarga ba, kuma na ga alamar ni ma babu wanda bai zarge ni ba.

Da na ga ranar tashi ta matso, sai na tafi wurin Madam. Ban yi mata zancen tsoho ba, don na san dariya za ta yi. Cewa na yi sabuwar salka ba a ba ta amana duka, a ƙara raƙumi guda a ɗora masa bidon nan nasu cike. Ta ga hankali a maganar, ta sami Yaya a gaban mutane ta ce haka za a yi. Ya yarda don ba shi da yadda zai yi, amma ya ji kunya, ya san kuma daga inda abin ya fito. Da asuba ana ɗaure kaya na zo da tukwanena, ya ce in ajiye, Agali zai dafa.

Na ce, "Yaya, don girman Allah."

Ya ce, "Ka zamna ka yi gadin tsohonka."

Na bi su har bayan gari ina yi musu Allah ya kiyaye. Anasara suna ta ɗaga mini hannu, shi ko waiwaye bai yi ba. Salkunan suna rataye a gefen raƙuma, cike tam.

Bayan 'yan makonni muka ji motar soja ta sauke Anasara a Mayahi. Na isa na tarar da su leɓe duk ya tsage, Madam ta rame ba ka ce ita ce ba, ga Agali zaune a ƙasa. Babu Yaya. Agali ne ya ba ni labari. Ya ce lafiya lau suka yi ta tafiya har suka wuce rijiyoyin da aka sani, suka shiga inda babu kowa. Wata rana suka sauke kaya suka kafa inuwa don hutun rana, kowa ya ɗan runtsa. Da suka tashi, salkunan nan duk sun lafe kamar ba a taɓa zuba musu ruwa ba. Bakinsu a ɗaure yadda aka bar shi, ba huda, rairayin da ke ƙarƙashinsu a bushe. Sai sawun awaki birjik kewaye da zangon, manya da ƙanana, sun haɗu sun miƙe arewa, a wurin da ko ƙadangare ba su gani ba tun kwanaki.

Ya ce Yaya ya daɗe tsaye yana kallon sawun. Sannan ya raba musu ruwan bido, ya ce su zauna kada su motsa, akwai wata tsohuwar rijiya a gaba, zai je ya gani. Ya tattara salkunan ya ɗaure a raƙuminsa, bai ɗauki ruwan kirki ba don kada ya rage wa baƙi. Rijiyar kuwa ta wajen da sawun ya bi take. Agali ya ce ya riƙe masa akala ya ce kada ya tafi da salkunan, Yaya ya ce to da mi zai ɗebo ruwan? Ruwan bidon nan ne ya riƙe su har motar soja masu sintiri ta ci karo da su. An nemi Yaya, ba shi, ba raƙumi, ba salka ko ɗaya.

Jandarmu sun tsare ni suna tambaya yaya aka yi na san salka za ta ba da kunya, ko ni na yi musu wani abu. Sai da Madam ta tsaya mini sannan suka sake ni. Shi kuwa wanda ya sayar da fatun, na zagaye kasuwar Mayahi da ta Tasawa har Kona, babu dillali ko majemi da ya ce ya taɓa ganinsa. Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne, wani ya ce in bar tonawa. Ni ban san ko mene ne ba. Abin da na sani shi ne fushin da Yaya ya yi da ni shi ya bar ni da rai, kuma da wannan fushin muka rabu, abin yana ci mini rai har gobe. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta yarda an yi masa sadakar mutuwa ba, kullum cewa take yana hanya.

Don haka ku masu shirin doguwar tafiya, ko ku ke ja ko ku ake ja, kayan da ranku zai rataya a kansu kada ku karɓe su a hannun wanda ba ku san sunansa ba, komai kyansu. Ku tambayi daga ina suka fito, in an yi muku hanya-hanya ku bar su a nan. In kuma na ƙasa da ku ya zo a firgice ya ce ya ga wani abu, ku zaunar da shi ku ji, ko da ba za ku yarda ba. Allah ya kai kowa inda za shi, ya kuma dawo da shi gaban iyalinsa.