Dami Nawa Ka Samu Bana?

Ina zaune a ƙofar gida sai ga 'yata Rabi ta dawo, kwamfuta a hammata, ido ya yi ja.

Digiri na biyu take yi a Kano, fannin nazarin alƙaluma. Malaminta ya ce ta tattaro yawan geron da manoman ƙauyenmu na wajen Makoɗa suka samu bana. In ba ta kai kafin ƙarshen zango ba, sai baɗi za ta gama.

Ta ce, "Baba, duk wanda na tambaya dami nawa ya samu, sai ya ce 'Alhamdulillahi.' Kwamfuta fa ba ta lissafa Alhamdulillahi!"

Na ce, "Wa zai faɗi abin da ke rumbunsa a bainar jama'a? Ga kambun baka, ga dangi sun kasa kunne."

"To kai nawa ka samu?"

Na leƙa hanya, na ja ta zaure, na raɗa mata tamanin.

"Baba, Inna fa ta ce ɗari da ashirin ne."

"Innarki ce ta yi noman? Rubuta tamanin."

Washegari na raka ta gida-gida, muna keɓe kowa a zaurensa. Sun faɗa, ta koma Kano da murna.

Digiri dai za a samu, in sha Allahu. Amma in kowa ya yi irin ragin da na yi, malamin nan zai ɗauka yunwa muke yi.

Ku fa, in 'yarku ce ta tambaya, nawa za ku ce?