Koriyar Alhaji Mani da Kwazazzabon Bayan Gari

Alhaji Mani Rabo Sheme ya rasu ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Manomin masara ne kuma ɗan kasuwar hatsi, bai taɓa riƙe sarauta ko muƙamin gwamnati ba. Amma daga Faskari har Ƙanƙara, in aka ce "mai Koriya" kowa ya san wanda ake nufi, ko da yake waɗanda suka taɓa ganin Koriyar tana tafiya ba su da yawa.

Koriya mota ce mai launin kore, ƙirar Turai, tsohuwar yayi, mai ƙofa biyu da kujera biyu. Gabanta dogo ne kamar kwalekwale, kujerunta na fata, allon gaban direba na katako mai sheƙi. Cikinta kuwa dab da ƙasa yake, har kaza sai ta sunkuya kafin ta shige ƙarƙashinta. Don gudu a kan kwalta aka ƙera ta. Gidan Alhaji Mani yana bayan garin Sheme, tsakaninsa da kwalta akwai turba mai duwatsu, da wani kwazazzabo da ruwa ke ƙara wa faɗi kowace damina.

Yana saurayi, lokacin da yake ɗaukar buhunan auduga a Funtuwa, ya fara ganin irinta. Wani attajiri ya tayar da ita a gabansa, ƙarar ta ratsa ƙirjinsa, ya tsaya da buhu a ka har aka daka masa tsawa. A shekarar ce aka kawo masa amaryarsa Rakiya daga Sabuwa a bayan motar auduga, ta sauko gyalenta fari fat da burbushi. Kunya ta kama shi, ya yi mata alkawarin wata rana zai kai ta ganin gida a motar da mutanen Sabuwa ba su taɓa gani ba. Ita ta ɗauke shi zancen ango. Shi bai manta ba.

A 2009 masara ta yi kyau, ta kuma yi daraja. Ya samu labarin wata irin motar attajirin a Kaduna, a ajiye ƙarƙashin mangwaro a gidan wani mamaci. Magada suka sayar masa ba tare da ciniki ba, suka ƙara masa da tsohuwar taya kyauta, suka rako shi har bakin titi suna sa masa albarka.

"Tun daga wannan rakiyar ya kamata in gane," ya kan ce. "Amma lokacin kunnena na wajen inji."

Daga Kaduna zuwa Sheme ta yi gudun da bai daina ba da labarinsa ba har ya bar duniya. Ya ce itatuwa sun zama katanga ɗaya, ya ce sitiyari kamar ya san nufinsa tun bai juya ba. Da ya sauka daga kwalta ya nufi gida, dutse ya farke tukunyar baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Ya ji ƙarar, amma jama'a sun fito kallo, sai ya ci gaba yana ɗaga musu hannu, mai yana tsiyaya a bayansa. A ƙofar gida inji ya buga.

Hajiya Rakiya ta fito ta zagaya motar, ta leƙa ciki.

"Alhaji, ina za a sa tsaraba?"

"Bisa cinyarki, Hajiya. Ki dai shirya, gyaran kwana kaɗan ne."

Aka ɗauko Malam Gide, wani bakanike daga Funtuwa. Ya buɗe gaban motar ya daɗe yana salati, sannan ya ce kayanta babu su a Funtuwa, babu su a Kano, sai an aika ƙasar waje. Gyaran inji ya cinye rumbu guda. Kafireta ta cinye shanun huɗa. Lagireto ya tafi da waken suya na shekara, giyar motar ta tafi da gonar fadama. Wata kaka kuma ɓeraye suka shiga suka gaigaye wayoyin wuta, aka koma baya. Alhaji Mani bai ɓoye ko ɗaya ba. In baƙo ya zo, sai ya buɗe masa inji yana nunawa da sanda: "Ka ga wannan? Bijimaina ne. Wancan mai zubar ruwa, wakena ne. Duk dukiyata na nan, ban yi asarar komi ba, sai dai ba ta haihuwa."

Ya fahimci cewa ko motar ta tashi, ba za ta kai kwalta ba sai an gyara turba. A unguwar, gayya ta noma ce ko ta ginin ɗaki; shi ne ya fara kiran gayyar hanya. Da rani ya kan sa a dafa tuwo a dama fura, a kira makaɗi, magidanta su fito da diga da shebur, a fasa duwatsu, a zuba marmara, a cike kwazazzabo. Sai dai duk ranin da hanya ta yi sumul, Koriya tana kan duwatsu tana jiran wani ƙarfe daga ƙasar waje. In ƙarfen ya iso, Malam Gide ya ɗaura, ta tashi tana gurnani, to an shiga Agusta, ruwa ya kwashe cikon. Shekara da shekaru hanya da mota ba su taɓa yin lafiya a wata ɗaya ba.

Wanda ya fi cin moriyar abin dariyar shi ne maƙwabcinsa kuma abokin wasansa tun ƙuruciya, Baba Ɗanlahadi, Bamaguje, wanda da shanunsa ake jan motar zuwa inuwa tun da na Alhaji suka tafi.

"Alhaji, ƙarfin doki nawa ka ce tana da shi?"

"Wajen ɗari uku, in ji Gide."

"To ga shanu biyu sun ja su duka, ko haki ba su yi. Mi zai hana in ɗaura ta a bayansu ku tahi Sabuwa hakanan?"

"Maƙwabci, in shiga garin surukaina da kashin shanu bisa gilashi? Ai gara motar auduga."

Da rashin tsaro ya tsananta, Malam Gide ya rage zuwa, shanun mutane da yawa suka salwanta. Ko a nan Alhaji bai rasa ta cewa ba. Ya ce Koriya ce kaɗai dukiyarsa da ba ya fargabar a kora daji, wanda duk ya iya kora ta kuwa ya yafe masa duniya da lahira. Turbar da ya gyara dominta, babura da amalanke ne ke bi, a kanta ake fita da masu naƙuda zuwa asibiti. In aka yi masa godiya sai ya kaɗa kai: "Kada ku sa ni cikin masu lada. Wallahi ba don ku na yi ba."

A ranin ƙarshe ya daina cike kwazazzabo da ƙasa, ya yanke shawarar yin kwalbati. Ya sayo manyan bututun siminti uku, gayya ta binne biyu. A makon ne Malam Gide ya ɗaura famfon mai, Koriya ta tashi da murɗa makulli sau ɗaya. Alhaji ya dubi gabas ya ga hadari ya fara haɗuwa, ya kuma san ƙirjinsa ya jima yana takura masa. Ya shiga gida.

"Hajiya, ɗauko mayahinki."

"An gama kwalbatin?"

"Ba a gama ba. Ɗauko dai."

Ta ɗaura atamfar da take fita unguwa da ita, ta ƙulla daddawa da kuka a leda. Shigarta motar sai da maƙwabta mata suka taimaka, domin kujerar kusan a ƙasa take, gwiwoyin kuma ba na amarya ba ne. Ya taka totur. Koriya ta yi ruri, ta zabura a kan marmarar da ya shekara goma sha yana lallaɓawa, kaji suka watse, Hajiya ta ƙanƙame tsaraba tana kiran sunan Allah. Kafin ta kai ƙarshen addu'ar ya taka birki a bakin kwazazzabo.

Inji yana kaɗawa a hankali, manyan motoci suna wucewa a kan kwalta a tsallake.

"Mun iso Sabuwa?" ta tambaya.

"Saura ƙiris."

Ta yi dariya har da hawaye. "To ai ta hi motar auduga, Alhaji. Ko ƙura ban kwasa ba."

Ya ce ranar Alhamis za a sake gayya a binne bututun ƙarshe, Juma'a su yi sammako. Ya aika wa makaɗi, ya sa aka surfa gero. Ranar Talata ya faɗi a zaure bayan sallar azahar, kafin la'asar ya cika.

Masu saye sun zo daga Kano da Kaduna, Hajiya Rakiya ta ce tukuna. Baba Ɗanlahadi ya kan goge gilashin motar da gefen rigarsa in ya zo wucewa. Bututun na uku yana nan kwance a bakin kwazazzabo, da shebur jingine a jikinsa, ciyawa ta fara fitowa ta cikinsa.