Gwajin da Ɗanladi Bai Je Ba

Ɗaliban Najeriya da ke unguwar Bukit Jalil ba su san shi da wani suna ba sai Ɗanladi Mai Tuwo. Shi ne dogon mutumin nan da ke hawa benayen ɗalibai da azahar, riƙe da ledojin tuwon shinkafa da miyar kuka, yana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan ne cikinsu suka san ba tuwo ya kawo shi Kuala Lumpur ba. Ƙwallo ce ta kawo shi.

Ɗan Fagge ne, a birnin Kano. Tun yana ƙarami ba shi da aiki sai ƙwallo, har mahaifinsa, Malam Maikano tela, ya gaji da faɗa ya zuba masa ido. A shekarar 2004 wani dillalin 'yan wasa ya samo masa gurbi a wani kulob na rukuni na biyu a Malesiya. Ya ce masa matakala ce kawai, ya daure ya yi kakar wasa ɗaya, daga nan sai Ingila.

Kulob ɗin ya sauke shi a wani gida kusa da tafkin Titiwangsa, ya haɗa shi zama da wani Bature mai suna Marek, ɗan wasan tsakiya wanda ya ba talatin baya, furfura har ta fara leƙo masa. Marek ya yi ta fama da sunan Ɗanladi harshensa ya ƙi, sai ya yanke shi ya koma kiransa Ladi. Ɗanladi ya yi bayani ya gaji cewa sunan mata ne, daga baya ya haƙura, shi ma ya rama da kiransa Dattijo.

A hankali ya san labarinsa, yawanci a rumfar mamak ta bakin layi, irin shagon abincin Indiyawan ƙasar, inda suke karyawa da gurasar roti da shayi mai kumfa bayan atisayen safe. An haifi Marek a wani garin masu haƙar kwal a kudancin Poland. Yana ɗan firamare iyayensa suka yi ƙaura zuwa Jamus, uban ya bar ramin kwal ɗaya ya shiga wani. A can ya tashi, a can ya fara buga wa wani ƙaramin kulob, duk mako yana cikin fili, 'yan kallo na rera sunansa. Da wani babban kulob ya yi masa tayi, bai yi shawara da kowa ba ya sa hannu. Kaka biyu ya yi yana ɗumama benci. Ranar da aka ce ya tashi ya shiga, bai daɗe a fili ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke.

"Da na warke, na koma Poland," in ji Marek. "A Jamus ana ce min ɗan Poland. Na je Poland, in na ɓarar da ƙwallo sai a ce Bajamushen nan ya koma gida. To ina ne gidan?"

Yakan faɗi haka yana dariya, yana shafa tabon ɗinkin da ke gwiwarsa.

A fili kuwa, Allah ya haɗa jininsu. Marek ba ya iya gudu kamar da, amma idonsa na ganin abin da wasu ba su gani. Kafin Ɗanladi ya ɗaga ƙafa, ƙwallo ta riga shi isa inda za shi. Shi ne ya koya masa yadda ake ɓacewa daga idon mai tsaron baya, da yadda ake tattalin numfashi a ƙasar da iska kanta jiƙe take. A kaka ta biyu Ɗanladi ya fi kowa zura ƙwallo a kulob ɗin. Hotonsa ya fito a jarida. In ya ratsa unguwar Bukit Bintang ranar hutu, ɗaliban gida Najeriya sukan tare shi a yi hoto, suna cewa, "Sai Ingila, Oga!" Kansa ya ɗauki zafi.

Wata safiya a ƙarshen 2006, suna zaune a rumfar mamak, Marek ya ture kofinsa gefe ya ce yana da magana. Wani tsohon abokin wasansa ya zama koci a wani kulob na rukuni na biyu a Poland, yana neman ɗan wasan gaba. Marek ya aika masa faifan wasannin Ɗanladi, mutumin ya gani ya yaba, ya ce ya zo gwaji a watan Janairu.

"Ƙaramin gari ne, Ladi, kuma akwai sanyi mai shiga ƙashi. Amma za ka buga kowane mako, kuma Turai ce, masu neman 'yan wasa na zuwa kallo. Ƙanwar mahaifina na can, za ta ba ka ɗaki."

Ɗanladi ya ci gaba da yagar roti. A makon nan dillalinsa ya buga masa waya, ya rantse cewa maganar Ingila ta kusa faɗawa.

"Dattijo, na gode," ya ce. "Amma ni ba rukuni na biyu na sake nema ba. Ingila ake jira na."

"Wane kulob? Wa ya gan ka? Ka ga takarda?"

"Zuwa za ta yi."

"Ni ma haka na yi, na raina inda nake buga wasa. Ka ga inda ya kai ni."

Nan ne Ɗanladi ya faɗi maganar da ta zame masa ƙarfen ƙafa. Ya ce, "To ai shi ya sa. Kai da ka ƙare ƙuruciyarka a Turai, ka ƙare a nan da gurguwar ƙafa, kai ne za ka nuna min hanya?"

Marek ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya tashi ya tafi gida yana ɗan ɗingishinsa. Bayan haka ba su yi faɗa ba, gaisuwa ma ba ta yanke ba, sai dai hira ta mutu. Da kaka ta ƙare Marek ya rataye takalmansa, gwiwar ta ƙi. Ranar da zai tafi, Ɗanladi ya fice tun da sassafe ya yi ta zagaya tafkin, don bai san da wane ido zai yi masa sallama ba. Da ya dawo ya tarar da ɗakin a share, an bar masa mabuɗi a kan tebur.

Ingila ba ta zo ba. Dillalin ya yi ta yau da gobe, daga baya wayarsa ta daina shiga. Ba Marek a bayansa, ƙwallayen Ɗanladi suka ragu, don babu mai miƙo masa su yadda ya saba. Sannan a ƙarshen 2008 aka rufe ƙofar gasar Malesiya ga baƙin 'yan wasa gaba ɗaya. Ya je gwaji Indonesiya, suka ce za su neme shi. Komawa Fagge hannu rabbana kuwa, bayan duk unguwa ta gama sanar da cewa ya kusa Ingila, ya fi masa mutuwa ciwo. Abin da ya tsamo shi shi ne Rakiya, wata 'yar Zariya da ta gama karatu a nan, suka yi aure. Ita ke tuƙa tuwo, shi ke rabawa.

Rakiya ce ta matsa masa ya nemi Marek, bayan ya ba ta labarin. Ta ce, "Maigida, mutumin da ya nema maka ɗaki a gidan gwaggonsa ba a barinsa haka." Ya samo lambar wayarsa daga wurin tsohon kocinsu, ya ajiye ta ya kasa kira, sai wata la'asar da ruwan sama ya tsare shi a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ya danna.

Marek ya gane muryar nan take. Yana garinsu na haihuwa, yana koyar da yara ƙwallo. Ɗanladi ya yi ta kame-kame kafin ya ce ya kira ne ya ba da haƙuri.

"Abin da ka faɗa gaskiya ne," in ji Marek. "Faɗarsa ce dai ba daɗi. Ya wuce."

Ɗanladi ya tambayi labarin kulob ɗin nan da ya ƙi zuwa gwajinsa. Marek ya ce wani yaro ɗan Kamaru suka ɗauka a madadinsa, yanzu yana buga babbar gasar Poland.

"Bai kai ka ba, Ladi. Ban faɗa don ka ji haushi ba."

"Yanzu fa? Ko akwai wani wurin?"

"Yara suke nema yanzu. Amma ka zo ziyara, kai da matarka. Ku zo da bazara."

Ɗanladi ya ce in Allah ya yarda, suka yi sallama. Ya daɗe tsaye yana kallon ruwa na kwarara daga saman gadar. Da ya isa gida Rakiya ta tambaye shi yadda suka yi, ya ce mata Dattijo na gaishe ta. Sauran maganar sai bayan kwana biyu ya iya faɗa mata.