Takardar da Ta Faɗo Daga Hulata

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, saura ƙiris a kore ni saboda takardar da ban taɓa ko karantawa ba.

Mahaifiyata 'yar gidan malamai ce, kakanninta daga Barno suka zo suka zauna wajen Guri. Duk wanda zai yi jarrabawa a gidanmu sai ta rubuta addu'a, ta ninke, ta cusa masa a naɗin hula. Wannan karon ma ta cusa mini tun ina gida hutu, ni kuwa na saba har na manta da ita. Ana cikin jarrabawa zafi ya dame ni, na cire hula, takarda ta faɗo a gaban malamin da ke tsaronmu. Ya buɗe, ya ga rubutun allo irin na Barno, ya kasa karantawa, sai ya sa sunana cikin masu satar amsa.

Abokina, wanda bai taɓa shiga gaban kwamitin ladabtarwa ba amma ya fi kowa sanin yadda ake yi, ya ce in amsa laifi kawai in yi ta roƙo. Har na fara rubuta wasiƙar amsa laifin, sai na tuna da littafin dokokin ɗalibai da aka ba mu tun ajin farko. Shekara huɗu da shi nake rufe bakin robar garin kwakina. Na kakkaɓe shi na karanta. Ashe ina da damar a nuna mini abin da aka kama ni da shi, in yi bayani, in kuma kawo shaida. Sai na aika wa mahaifiyata ta zo ta yi mini shaida.

Damina ce, ruwa ya yanke hanyar garinmu. Sai da mahaifiyata ta hau kwalekwale kafin ta sami motar Haɗejia, daga nan ta wuto makaranta. A gaban kwamitin ladabtarwa aka kira wani malamin Larabci ya karanta takardar. Addu'a ce layi uku, a ƙasa kuma da ajami: "Allah Ka sa yaron nan ya rage barci." Shugaban kwamitin ya sunkuyar da kai yana ta gyaran tabarau. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

An wanke ni daga satar amsa, amma an ba ni takardar gargaɗi, don littafin nan da ya cece ni shi ya hana shiga da kowace irin takarda. Ban yi gardama ba, gaskiyarsu ce.

Har yau idan na tuna da wasiƙar da na kusa miƙawa sai in gode wa Allah. Da hannuna na so in kori kaina, saboda ƙyuyar karatu.

Da muka fito ran nan na ce, "Inna, kin ga abin da takardarki ta jawo mini?"

Ta gyara mayafinta ta ce, "Layi uku ne fa, ɗan nan. Da ka haddace, wa zai kama ta a hularka?"