Wake-wake da Kafireton Maigida

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Shekarun baya ne abin ya faru, amma har yau in na ji bakin kaza a kan farantin silba sai gabana ya faɗi.

Lokacin muna Fadaman Mada, maigidana yana da wata tsohuwar a-kori-kura. Da ita yake jigilar bulo da yashi, da ita muke kwaso amfanin gonarmu ta Inkil. Ana dab da kaka ta fara tari da baƙin hayaƙi, da an taka ta sai ta mutu. Bakanike ya ce kafireto ne ya gama yawo, wato abin da ke gauraya fetur da iska ya shayar da inji. Sabo kuwa an daina kawo irinsa.

Kwana huɗu maigidana yana zagayen masu tsofaffin kayan mota. Kullum ya dawo sai ya zauna ya ba ni labari, ni kuwa ina ta "to, to" alhali ban san kan zancen ba. Wani kafireton ya tsage ta ƙasa an shafe da gam. Wani kuma sandar da ke buɗe maƙogwaronsa tana lilo, ya ce iska za ta riƙa sata ta gefe. A ƙarshe ya tono ɗaya a wani shago wajen Wunti, baƙi ƙirin, har da gidan zanzaro a ciki. Ya shigo da shi a rungume kamar jariri.

Na ce, "Malam, wannan ƙazamin ka kwana huɗu kana nema?"

Ya ce, "Ke dai bar ƙazantar. Datti fetur ke wanke shi, tsaguwa ce ba ta da magani."

Ya ce shi zai gyara da hannunsa, don ya yi yaron mota da ƙuruciya. Ya ari babban farantina na silba, ya zauna a inuwar tsakar gida ya warware kafireton ɗai-ɗai. Kowane ƙarfe ya wanke shi da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya hura, ya jera shi bisa tsarin da ya ciro shi. Sauri yake yi, domin an riga an karye masararmu tana zube a gona, kullum da yamma hadari sai ya haɗu. Motocin haya kuwa duk an kama su, kowa na kwasar nasa. Abincinmu na shekara ke nan a fili.

Da aka kira Azahar ya miƙe, ya ce daga masallaci zai wuce ya sayo takardar da zai yanka gasket, wato abin da ake sawa tsakanin ƙarafa don hana yoyo.

"Don Allah kada kowa ya taɓa. Guda ashirin da uku ne, na ƙirga."

Na ce ya tafi abinsa, ai ina nan. Na ɗauko faifai zan rufe, sai na ji miyata na tafasowa, na ruga madafi da faifan a hannu. Ina juya miya na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na fito a guje. Kazar nan da muke kira Wake-wake ce tsaye a kan farantin, ta ɗaga kai sama, wuyanta na motsi. Na kore ta, na durƙusa na ƙirga. Ashirin da biyu. Na sake ƙirgawa da bisimilla, ashirin da biyu. Na share tsakar gida kaf, na tankaɗe sharar da rariya kamar mai neman zinariya. Ba komai sai tsakuwa da wani maɓalli da ya ɓata tun sallar bara.

Kajinmu uku ne, biyu nawa. Wake-wake kuwa ta 'yata ce, 'yar shekara biyar. Mahaifiyata ce ta ba ta tun tana 'yar tsako, wata biyu kafin Allah ya yi mata rasuwa. Ta ce a kiwata mata, kaza ta zama akuya, akuya ta zama saniya. Yarinyar ba ta cin tuwo sai ta gutsura mata.

Da Malam ya dawo na gaya masa kaza ta hau faranti. Ya duba sau ɗaya ya ce, "Jet ne." Wani ɗan ƙarfe ne ruwan tagulla mai huda a tsakiya, girmansa da launinsa kamar ƙwayar masara, ta nan fetur ke bi. Ya ciro na tsohon kafireton ya gwada, bai ɗauru ba. Ya hau acaɓa ya koma Wunti, ya dawo bayan La'asar hannu wofi. Gabas ta riga ta yi baƙi.

Na ce a kife kazar da kwando mu jira ta kasayar da shi.

Ya ce, "Ƙarfe ba ya wucewa, a ƙundu yake zama. Wacce ce?"

Allah ya yafe mini. Bakina ya ce, "Kamar ja ce."

Ban san me nake tsammani ba. Wataƙila na ɗauka in na ba da tawa, Allah zai mayar da jet ɗin cikinta. Ya yanka jar kazata, na fige, na tsaga ƙundun. Tsakuwa da dusa. Malam bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dube ni kawai ya ce, "Baiwar Allah, gaya min gaskiya."

Sai kuka. Na ce Wake-wake ce, da idona na gani. Na ce to ya yi maza ya yanka kafin yarinyar ta taso daga Islamiyya, sai mu ce shaho ya ɗauke.

Ya ce, "Ƙarya ɗaya ta ci kaza ɗaya, ki bar ta haka. Dukiyarta ce, sai ta yarda."

Rabin awar nan da muka yi muna jiranta, ban taɓa ganin doguwa irinta ba. Iska ta fara kaɗa shanya, ina kallon sama ina kallon ƙofa. Ta shigo da jakarta a wuya, ubanta ya durƙusa ya yi mata bayani kamar yana magana da babba: motar, masarar, da abin da ke cikin kazarta. Ya ce in ta ce a'a, ba mai taɓa ta.

Ta ce, "Abba, za ta ji zafi?"

"Kaɗan, sau ɗaya."

"In ruwa ya daki masarar, ba mu da tuwo?"

"Sai abin da Allah ya yi."

Ta juya ta dubi Wake-wake. Can ta ce, "To bari in ba ta ruwa tukuna." Ta ɗebo a murfin kwano, ta riƙe mata har ta sha, sannan ta shige ɗaki ta rufe kanta da hijabina.

Da aka yanka ta, jet ɗin yana nan a ƙundun, tsakanin tsakuwa. Malam ya wanke shi da fetur, ya hura, ya ɗaga shi sama har ya hango haske ta hudar. Kafin Magariba ya haɗa komai ya ɗaura. Hadarin ranar ya zagaye gari ya wuce. Naman kajin na aika wa maƙwabta, don ba wanda zai iya ci a gidan.

Mun saya mata wata daga baya, ta hayayyafa, har akuyar an yi. Amma abin da ya zauna mini shi ne, ni da nake koya mata gaskiya, ranar ita da ubanta suka koya mini. Tausayin da ya sa ni ƙarya bai ceci komai ba, jar kazata ce ta tafi a banza. Tun daga nan ko allura aka ba ni ajiya, sai na rufe kafin in duba tukunya, miya ta ƙone in ta ga dama.

Washegarin yankan kajin, bayan Asuba, Malam ya murza makulli. Sau biyu ta yi tari, a na uku ta kama, lafiya lau, babu hayaƙi. Sawu biyu ya yi a ranar, ruwa bai sauko ba sai da buhun ƙarshe ya shiga zaure. Amma ni abin da nake tunawa shi ne lokacin da motar ta tashi. Muna tsaye a bakin ƙofa, yarinyar ta riƙe zanina, ta kasa kunne ga ƙarar injin, ta ɗago ta dube ni.

"Umma, ki ji. Kazata ce ke tura motar Abba."